Rim Marar Leɓe

Zuwa ga Kawu Mai Keke,

Assalamu alaikum. Kawu ina gajiya, ya aiki? Ya gwiwar, ta bar ka kana tsugunno, ko har yanzu sai da ɗan bencin nan? Ka gaishe min da Inna, ka ce mata man zafin da ta ba ni ya ƙare tas, abokan aikina suka taru suka shafe shi. Ni lafiyata lau, sai ɗan tari da na yi, shi ma ya wuce.

Na san za ka ce Zabuwa ba ta tuna mutum sai kekenta ya lalace. Ka faɗa, na ɗauka. Amma ka san inda aka jefo ni: tashar awon ruwa a kan tsauni, babu layin waya ko ɗigo, sai mota ɗaya da ke hawo mana da abinci da man inji duk Asabar. Direbanta shi ne gidan wayarmu. Shi zai sa wannan takarda da kwalin da ke tare da ita a motar garinku.

Ga abin da ya faru. Duk sati biyu sai na sauka kogi na karanta sandar awon da ke gindin tsaunin. Hanyar tsakuwa ce zalla, muna ce mata Doguwar Gangara. Minti ashirin da biyar kana sauka babu hutu, ga kwana-kwana, hagunka dutse, damanka rami. Shekaranjiya ina tsakiyarta na ji ƙas! ta bayan keken, ya fara rawa a ƙarƙashina. Allah ya taimake ni na tsaya. Da na duba, rim ɗin baya ya tsage a gindin wayoyin sifok biyu, madarar liƙin huji da ke cikin tayar tana tsiyaya ta wurin. Kawu, zama na yi a ƙasa. Na fi rabin awa a wurin. Taku huɗu ne tsakanina da bakin ramin, na ƙirga.

Kada ka ce sakacina ne. Ina wanke shi, ina sa wa sarƙa mai, iska kuwa ban taɓa wasa da ita ba, kullum tayar da taurinta.

Na cire wili biyun duka na aiko maka da tayoyinsu. Cibiyoyin wilin na ga kamar lafiyarsu lau. Ka sake min rim, ka ɗaura da hannunka, tubles nake so kamar yadda suke, don ƙayar hanyar nan ba ta barin tiyub ya kwana. Kafin su dawo da ƙafa zan riƙa sauka, awa biyu zuwa, uku da rabi dawowa.

Don Allah kada Umma ta ji wannan magana. Dama tun farko ba ta son aikin.

'Yarka,
Zabuwa

*

Zuwa ga 'yata Zabuwa,

Wa alaikumus salam. Kwali ya iso, takarda ta iso. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta, da safe ita ke faɗin ko za a buɗe shago da wuri ko ba za a buɗe ba. Innarku ta ce man zafi ba na gayya ba ne, amma ga wani nan ta sa a leda. Tari kuma ki daina fita da sassafe babu rigar sanyi, na san halinki.

Da na buɗe kwalin a gaban shago, tela maƙwabcina ya ce wai ke 'yar wa ce da nake ta salati haka. Na ce kakana da kakan mamanki wa da ƙani ne. Ya ce ai wannan zumunta ta yi nisa. Na ce masa ya koma kan kekensa na ɗinki. Shekara uku kika yi a gidana kina makaranta, ni na riƙe miki sirdi ranar da kika fara tuƙi, shi zai gaya min nisa?

Na duba rim ɗin a hasken rana, tsigar jikina ta tashi. Ba wuri biyu ya tsage ba, wuri bakwai ne, biyar ɗin kamar silin gashi, sai ka karkata shi kake gani. Na gaban ma ya soma. Wanda ya ɗaura su tun asali ya ja sifok kamar yana ɗaure akuya. Ki gode wa Allah, ni ban ƙara cewa komai ba.

To ki saurara, don ba a sayen rim kamar ana sayen bokiti. Na farko, cibiyoyinki masu huji ashirin da takwas ne, kuma ba su da ciwo, na juya su a kunnena shiru kake ji. Dole rim ya zama mai huji ashirin da takwas. Na biyu faɗin ciki. Tsohon naki milimita sha tara ne, ga tayarki mai faɗin arba'in, shi ya sa take zama a kansa kamar ƙaton kai a kan siririn wuya, in kin shiga kwana sai ta riƙa lanƙwasa. Ashirin da biyar ya dace da ita. Sifok kuma sababbi zan yanka, domin in zurfin rim ya canja tsawonsu ma ya canja, kuma ba na mayar da sifok da ya riga ya sha wuya.

Saura abu ɗaya, shi ne nake so ki zaɓa. Na je wurin mai sayar da kayan keke ya fito min da iri biyu. Ɗaya na alminiyom ne, mai leɓe, wato bakinsa ya ɗan naɗo ciki yana kama gefen taya, irin wanda na sani shekara arba'in. Yana da ɗan nauyi, kuma in ya daki dutse da ƙarfi yana lotsewa. Ɗayan na wani abu ne marar nauyi da suke kira kabon, marar leɓe, bangonsa a miƙe yake sambal, mai kauri. Mai kayan ya ce an yi shi ne don hanyar duwatsu, ba ya lotsewa, taya kuma tana zama a kansa daram. Na ɗaga shi da yatsa ɗaya. Ban taɓa ɗaura irinsa ba, ba zan ɓoye miki ba, amma rim ai rim ne.

Ki rubuto wanda kike so. Mamanki ba za ta ji daga bakina ba.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina yi wa gwiwa sannu. Man zafi ya iso, na ɓoye shi a cikin takalmin ruwa. Lafiyata lau, tarin ya tafi.

Wuri bakwai! Da ma ba ka faɗa min ba. Tun da na karanta, in na rufe ido sai in ga kaina a kan kwanar nan. Jiya na sauka da ƙafa, da na zo daidai wurin sai na bi ta jikin dutse ina dafa shi kamar tsohuwa. Abokin aikina, wanda muke ce wa Injiniya, yana bayana yana ta dariya, bai san tsoro ne ya kama ni ba.

Kawu, ni ban san leɓe ba, ban san marar leɓe ba. Na karanta bayaninka sau uku, kaina ya ƙara ɗaurewa. Abin da na sani shi ne tsoro nake ji, kuma aikin nan ba ya yiwuwa da ƙafa in ruwa ya kankama. Ka zaɓa min wanda ba zai tsage da ni ba. Duk wanda ka ɗaura ka ce hau, zan hau.

Zabuwa

*

Zuwa ga Zabuwa,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu ma lau, sai Innarku da haƙori ya dame ta kwana biyu, an cire, ta koma faɗanta yadda ta saba.

To matsoraciya, ga wilinki nan. Marar leɓen na zaɓa. Na zauna na yi tunani: abin da ke hanyarki dutse ne, to a ba ki abin da dutse ba ya lotsawa. Kwana uku na yi a kansu, na kori kowa daga shago. Sifok ɗaya-ɗaya na ja, ina kaɗa kowanne da farce ina saurare har muryarsu ta zo ɗaya. Na danne su a ƙasa da tafin hannu, na sake juyawa, ko gashi ba su kauce ba. Na naɗa tef zagaye biyu, na sa bawul sababbi. Tun da nake ban yi aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma kin san ba na yabon kaina sai in dole.

Za ki gan su baƙi wuluk babu rubutu. Sun zo da sitika ta ko'ina kamar motar haya, na ɓare su tas. Kin san ƙa'idata, aikin da ya fita daga hannuna ba ya yi wa wani kamfani talla.

Ban sa tayoyin ba, don kada madara ta zube a hanya ta ɓata kwali. Suna ciki a naɗe, da kwalbar madarar liƙi. Ki shafa ruwan sabulu a gefen taya, ki sa ta, ki buga mata iska da ƙarfi lokaci ɗaya. Kin taɓa ce min kuna da injin iska na tarakta, shi ya fi. Za ki ji ta yi ɗas, ɗas, ta zauna kenan. Sai ki zuba madarar ta bawul, ki girgiza, ki juya, ki cika iska.

Ki cire tsoro daga ranki. Wannan ba zai tsage da ke ba, ni na faɗa. Ki hau.

Kawunki

*

Zabuwa,

KADA KI HAU KEKEN NAN. Ki fara sauke iskar tayoyin kafin ki karanta sauran. Ki ajiye takardar ki je ki sauke, yanzu.

Gaisuwa daga baya. Muna lafiya, Allah ya sa ke ma haka.

Yau Juma'a da hantsi wani malamin makaranta mai tseren keke ya kawo min wilinsa in miƙe masa. Rim ɗinsa irin naki ne sak. Na gama, na ɗauki famfo ina buga iska yadda na saba, ina danna tayar da babban yatsa ina jiran ta yi tauri. Yana waje yana amsa waya. Ban ankara ba sai ji na yi kamar an harba bindiga a cikin kunnena. Tayar ta fice daga kan rim gaba ɗaya, ta daki silin, madara har cikin idona. Tela ya shigo da gudu babu takalmi. Har yanzu kunnena na hagu ƙara yake yi.

Malamin ya ce, “Baba, nawa ka sa mata?” Na ce ni da yatsa nake awo. Ya riƙe kai. Ya nuna min wata 'yar sitika kusa da bawul, da zanen taya da lamba. Ya ce rim marar leɓe ba shi da abin da zai riƙe taya in iska ta wuce ƙa'ida, ficewa take yi, kuma ba lallai nan take ba, tana iya jira sai rana ta gasa ta ko ta daki dutse.

Zabuwa, kin san ƙafar teburin aikina inda nake manna duk sitikar da na ɓare. Na durƙusa da gwiwar nan, na sa tabarau, na bi su ɗaya-ɗaya har na samo taki. Hamsin da biyar. An rubuta kada awon iska ya wuce hamsin da biyar. Na ari agogon awon iska na malamin, na hura wata taya har ta kai taurin da nake so, na auna. Tamanin da takwas.

Ni na koya miki wannan taurin. Kina 'yar shekara goma sha ɗaya na kama yatsanki na danna a kan taya, na ce in ya shiga to ba ki gama ba. Kuma kin rubuto min a takardarki ta farko cewa kullum tayarki da taurinta, na karanta na wuce. Sannan na ɓare lambar, sannan na tura ki wurin injin tarakta. Wayyo ni.

Malamin ya ce ga mai nauyinki da tayar arba'in, talatin da biyar ya isa, in kin danna yatsa ya ɗan shiga. Na san za ki ji kamar ta sace. Ba ta sace ba, haka ake so. Ga agogon nan cikin ambulan, malamin ya bar min. Ga sitikar ma, ki manna ta kusa da bawul.

Na kira ofishinku na garin da ke ƙasan tsauni sau shida. Wata ta ɗauka ta ce rediyon da suke magana da ku tsawa ta ƙona shi, sai dai a ba direba saƙo. Na ce mata rai ne, ta ce ta rubuta. Na san wannan takarda ba za ta riski motar gobe ba. Allah ya sa aiki ya yi miki yawa ba ki ko buɗe kwalin ba.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawuna na kaina,

Assalamu alaikum! Ina gajiya, ina gwiwa, ya haƙorin Inna? Ka ce mata yanzu faɗan zai riƙa fita ta gibi. Ni lafiya sumul, har na yi ƙiba in ji Injiniya.

Kawu, wannan aiki! Tun Asabar da ta wuce da kwalin ya iso na kasa daina kallonsu. Na ɗaga na gaban na juya shi, na je na ɗora ruwan zafi na dawo yana nan yana juyawa. Injiniya ya ce wanda ya yi wannan ba bakanike ba ne, likita ne.

Na bi bayaninka tiryan-tiryan. Ruwan sabulu, injin tarakta, ɗas, ɗas, kamar yadda ka ce. Na zuba madara na girgiza. Iska kuwa na ba su har sai da yatsana ya ƙi shiga ko kaɗan, na ƙwanƙwasa na ji suna amsawa. Na ce da Kawu yana nan da ya ce yarinyar nan ba ta manta karatu ba. Duk safiya ina ƙara musu in na ji sun ɗan sassauta.

Satin nan a fili kawai nake zagayawa, daga ɗakina zuwa ma'aunan ruwan sama da ke bayan tasha. Ba ya rawa, ba ya ƙara, kamar ba a kan tsakuwa nake ba. Ranar Alhamis mai zuwa ce ranar kogi. Zan sauka Doguwar Gangara da shi. Ba zan ce maka ba na jin komai ba, amma duk lokacin da tsoron ya taso sai in karanta ƙarshen takardarka.

Hadari yana ta haɗuwa ta gabas, direba yana ƙwala min kira wai zai tafi kafin ruwa ya sauko. Na gode, Kawu. Allah ya bar mana kai.

Zabuwa

*

Zabuwa 'yata,

Ina gaishe ki. Ban san ko kina lafiya ba, kuma shi ne kaɗai abin da nake son sani.

Takardarki ta same ni Litinin da azahar. Na karanta a tsaye a bakin shago, da na zo wurin yatsan da ya ƙi shiga sai na nufi gida. Ko rufe shagon ban yi ba, tela na bar wa makulli. Innarku ta cusa min riga biyu a jaka tana kuka tana zagina, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Kwana biyu ina cikin mota.

Yau Laraba, ga ni a garin da ke ƙasanku, a bakin gada. Babu gadar. Ruwan ranar Lahadi ya tafi da rabinta, ƙarafunan sun yi cirko-cirko, kogin ja wur yana wucewa da itatuwa. Na sami direbanku a tasha, mutumin kirki. Ya buɗe aljihun mota ya nuna min takardata da agogon a ciki, ko buɗe ta ba a yi ba. Ga saƙon matar ofis ma a 'yar takarda, ba ta ba shi ba sai bayan ya sauko ranar Asabar: “Kawunta ya kira kan maganar keke.” Shi ke nan abin da ta rubuta.

Na roƙi masu kwalekwale har na cire hula. Suka ce ko kifi ba ya tsallaka wannan ruwa yau, sai ya ja baya, wataƙila Asabar. Na tambayi hanyar zagaye, aka ce kwana uku ce a ƙafa. Na je ofishinku na buga tebur, suka ba ni ruwa suka ce in zauna.

Direba ya nuna min tsauninku da hannu. Ina ganinsa daga nan, har wani farin layi da ya ratso gefensa, ya ce ita ce gangarar. Na tsaya na ƙwala kiran sunanki, mutane suka juyo suna kallona. Na san ba za ki ji ba. Tsoro nake ji, Zabuwa, irin wanda ban taɓa ji ba.

Yau Alhamis. Na ƙara a ƙasan ta jiya tunda babu mai kai ta. Tun asuba nake addu'ar a yi ruwa, ruwa mai yawa, wanda zai hana ki fita. Gari ya waye tas, rana ta fito da zafinta. Ina zaune a kan wani dutse ina kallon farin layin nan. Wajen ƙarfe goma na ga kamar wani abu yana motsi a kai, direba ya ce idona ne, daga nan ko mota ba a gani.

Ina ta gaya wa kaina tayar malamin tsohuwa ce, taki ta fi ta kama rim. Ina ta cewa ta yi kwana goma sha biyu ba ta fice ba. Sai kuma in tuna a fili kike zagayawa da sanyin safiya.

Ba zan bar nan ba sai na ji.

Kawunki

*

Kawu,

Wannan ba rubutun hannuna ba ne, kada ka tsorata. Nas ce take rubuta min, ina faɗa tana sawa. Ina gaishe ka. Ina raye, ina cikin hankalina, ina ƙaramin asibitin da ke wannan tsallaken, a ƙauyen gindin tsauni.

Yau Asabar direba ya tsallako da kwalekwalen farko, ya kawo min takardunka biyu da agogon. Ya ce kana can bakin gada kwana huɗu, kana kwana a tasha, gwiwarka ta kumbura kamar tulu. Ya ce ka yi rigima da mai kwalekwale don ya ƙi ɗaukarka, tunda daga bakin ruwa zuwa nan tafiyar awa uku ce a ƙafa. Mai kwalekwalen ya yi daidai.

Ka ce ba za ka tafi ba sai ka ji, to ka ji. Tayar gaba ce ta fice. Na wuce kwana ta shida, na daki wani ɗan dutse da bai kai dunƙulen hannu ba, na ji ƙara, daga nan sai ƙasa. Ta ɓangaren dutse na faɗi, ba ta ɓangaren rami ba, ban san dalili ba, Allah ne kawai. Ƙashin kafaɗata na dama ya karye, da wuyan hannu. Haƙora biyu sun tafi. Gefen fuskata kuma an yi ɗinki goma sha ɗaya, nas ta hana ni madubi. Injiniya ne ya biyo sawu da ya ga azahar ta yi ban dawo ba. Awa uku ina kwance a wurin ina jin ƙarar kogi, ina tsoron in motsa.

Ya ce rim ɗin ko ƙwarzane bai yi ba. Bai tsage ba, Kawu, yadda ka faɗa.

Nas ta karanta min takardunka, ta farko sau biyu. Da ba su zo ba da har yanzu ina cewa laifina ne, don kwana biyun nan abin da nake ta nema kenan, me na yi ba daidai ba. Na gode da ka faɗi gaskiya. Ba kowa zai durƙusa ya nemo abin da zai kama shi ba.

Amma ina jin haushinka. Nas ta ce in sassauta wannan, na ce ta rubuta yadda na faɗa. Na gaya maka tsoro nake ji. Na gaya maka ban san komai a kai ba. Kai ma ba ka sani ba, ka ce rim ai rim ne.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Shekara biyu ina sauka gangarar nan, kullum hannuna a kan birki, ina tafiya kamar mai rakiyar amarya, har Injiniya yana min tsiya. Ranar Alhamis na wuce kwana ta farko, na wuce ta biyu, keken yana tafiya lafiya lau, sai na ji tsoron ya sake ni. Ban taɓa jin daɗin hanyar nan ba sai ranar. Har waƙa nake yi. Na saki birki, Kawu. Da gudun da na saba nake yi, da ƙila gwiwa kawai zan kuje. Na saki ne don kai ka ɗaura.

Umma za ta ji, fuskar nan ba ta ɓoyuwa. Ni zan rubuta mata, kada ka riga ni.

Ka koma gida a duba maka ƙafa. Kada ka tsallako, ko ruwa ya janye, ko an gyara gada. In na gan ka yanzu zan ga tsoho da kumburarriyar gwiwa, tausayi ya kama ni in ce ba komai, alhali da komai. Ban yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in ka isa gida ka rubuto min, in san ka isa.

Zabuwa